Yadda Ake Gurzawa da Goge Hanyoyin Shigar Iska na Injin Mota Don Ƙarin Ƙarfi

Injin mota, idan aka bi diddiginsa, famfon iska ne. Fetur ba ya ƙonewa yadda ya kamata sai ya haɗu da iskar da ta ninka shi nauyi kusan sau 14.7, saboda haka duk abin da ya takura wa iska a hanyarta ta zuwa silinda, ya rage wa injin ƙarfi ke nan. Hanyar tana farowa daga bakin totur, wato ƙofar iskar da ke buɗewa idan an taka totur, ta bi ta cikin manifol, wato bututun nan mai rassa da ke raba iska ga kowace silinda, ta shiga ramukan kan silinda, sannan ta ratsa ta gefen bawul, wato murfin da ke buɗewa da rufe ƙofar silinda. Galibin waɗannan sassa zubi ake yi a masana'anta, kuma zubi yakan bar kaushi, da ƙuraje, da ɗan tudun da ke nuna inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu. Kawar da waɗannan shi ne aikin da mutum zai iya yi da hannunsa.

Kuskuren da ya fi yawa ga mai farawa shi ne zaton cewa girman rami shi ne ƙarfi. Bawul ɗin shigar iska ba ya rufewa sai bayan fistin ya kai ƙasa har ya soma dawowa, kuma a wannan ɗan tsakani saurin iskar ne ke ci gaba da cusa ta cikin silinda. Idan aka faɗaɗa ramin fiye da kima, saurin ya ragu, sai motar ta yi nauyi wajen tashi, ta riƙa kasala a ƙaramin juyi, alhali ƙarfen da aka kankare ba ya komawa mazauninsa. Don haka manufa ita ce a miƙar da hanya, a cire abin tuntuɓe, a bar faɗin kusan yadda maƙeransa suka tsara.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar ƙaramin injin gurza mai dogon baki, na iska ko na lantarki, wanda za a iya rage masa gudu, domin irin waɗannan injina sukan kai juyi 20,000 zuwa 25,000 a minti, kuma a wannan gudun ƙiftawar ido ta isa a yi ɓarna. Ana buƙatar kawunan yanka na kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, masu manyan haƙora domin alminiyam, masu ƙananan haƙora domin ƙarfen zubi, sai naɗaɗɗiyar samfefa mai lamba 60, 80 da 120, da alƙalamin maka, da tsinken ƙarfe mai kaifi na zana layi, da ma'aunin faɗin cikin rami, da sabon gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin manifol da kan silinda don hana yoyo. Alminiyam yana liƙewa a haƙoran abin yanka har ya daina ci, maganin hakan kuwa a riƙa tsoma kan cikin kakin zuma ko ɗan mai. Tabarau mai rufe ido duka da takunkumin hanci wajibi ne, domin ɓarɓashin da kabaid ke fitarwa daga ƙarfen zubi kamar ƙananan allurai yake, yana shiga fata ya kwana yana zugi.

Da farko a cire manifol ɗin daga jikin injin, a toshe ramukan da suka buɗe da tsumma mai tsabta, a kwance duk na'urorin auna iska da zafi da nozul ɗin fetur, sannan a wanke baƙin mai da kunkunniyar da suka taru a ciki. Ba a taɓa yin gurza alhali kayan suna ɗaure a jikin injin. Idan manifol ɗin na roba ne, kamar yadda yake a motocin zamani da yawa, iyakar abin da ya dace shi ne a shafe tudun haɗi da samfefa, domin bangonsa siriri ne.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowane sauƙi da amfani ga mai koyo, shi ne daidaita bakunan ramuka da gasket. A shafa tawadar maka a kewayen kowane rami a fuskar manifol da ta kan silinda, a ɗora gasket, a zura ƙusoshinsa domin ya zauna daidai inda zai zauna idan an ɗaure, sannan a bi cikin da'irarsa da tsinken ƙarfe. Idan aka ɗaga shi za a ga layi mai sheƙi a kan tawadar, kuma sau da yawa za a tarar ramin ya karkata gefe guda, ƙarfe ya yi saura a hagu alhali a dama ya yi daidai. Wannan saurar ce ake cirewa. Sai dai akwai dabara a nan: a bar bakin manifol ya ɗan gaza na kan silinda da kamar rabin milimita zuwa milimita guda, domin iska mai shiga ta sauka daga matakala, kada ta yi karo da ita. Haka kuma ba a tsayar da yankan a baki kawai har ya zama kamar mazurari. A ja shi zuwa ciki kimanin milimita 25 zuwa 40, yana ɓacewa sannu a hankali cikin bangon asali. Wasu gasket ɗin sun fi ramin girma nesa ba kusa ba, kuma a irin wannan hali ba a bin layin har ƙarshe, sai a daidaita ramukan biyu da junansu.

Daga nan a shiga rassan manifol ɗin, a cire tudun haɗi da ƙuraje, hannu yana tafiya kullum ba ya tsayawa wuri guda. Yatsa ya fi ido gani a wannan aiki. A kashe injin gurzar, a zura yatsa, duk inda ya ji tudu ko kwari iska ma za ta ji shi. Ya fi kyau a yi aiki iri ɗaya a dukkan rassan kafin a wuce zuwa na gaba, ana aunawa, domin silinda huɗu masu shaƙar iska daidai sun fi guda ɗaya da ta yi fice.

Wanda ya kai ga cire kan silinda ya shiga wurin da ribar ta fi yawa, haɗarin ma haka. Bayan an cire bawul-bawul an jera su bisa tsarinsu, a duba kwarin da ke ƙarƙashin mazaunin bawul, inda yankan injin masana'anta ya haɗu da zubi. A nan akan sami gefe mai kaifi, kuma shafe shi kaɗai yakan fi duk wata gurza da aka yi a bakin rami tasiri. Maƙogwaron ramin, wato matsattsen wurin da ke daf da mazaunin bawul, bai kamata ya wuce kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na faɗin kan bawul ba. Gajeren lanƙwasan da ke ƙasan ramin, inda iska ke karya kwana zuwa bawul, a mulmula shi kawai ya zama zagaye, kada a zaftare shi, kuma kada a zurfafa ƙasan ramin, domin yin hakan yana ƙara tsananin kwanar har iska ta rabu da bango ta rikice. Bayan waɗannan bangaye akwai hanyoyin ruwan sanyaya inji, kuma wanda ya huda su ya haɗu da walda mai wuya ko sayen wani kan silinda. Mazaunin bawul kuwa, ko kuskuren taɓawa ɗaya ya isa ya sa shi yoyo, saboda haka a liƙa masa tef, a kuma bar yanka shi mai kusurwa uku, wato digiri 30, 45 da 60, ga masu injin wannan aiki.

Batun gogewa ne mutane suka fi samun saɓani a kai, domin ido yana son abu mai ƙyalli. A injin da ke da kafireta, ko wanda nozul ke fesa fetur cikin ramin shigar iska, bangon da ya yi santsi kamar madubi yana sa fetur ya taru ya zama ɗigo yana gangara, maimakon ya tafi gauraye da iska. Saboda haka a tsaya a samfefa mai lamba 60 ko 80 duk inda fetur ke bi. Sashen da iska zalla ke ratsawa ana iya kai shi lamba 120. Ƙyalli na gaske ya fi dacewa da ramukan fitar hayaƙi, inda yake rage taruwar kunkunniya.

A totur, ana iya mulmula bakin shiga da na fita, amma da'irar da faifan da ke tare iska ke rufewa a kanta ba a taɓa ta ko kaɗan. A zana layi milimita kaɗan gaba da bayan faifan a tsaya nan, domin idan iska ta sami kafar wucewa, injin zai riƙa ihu a tsaye kuma babu saitin da zai sauko da shi.

Wanki shi ne matakin da gajiya ke sa a yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ƙwayar samfefa ɗaya da ta maƙale tana iya karce bangon silinda da zobban fistin. A wanke da ruwan zafi da sabulu da buroshin kwalba, a busar da iskar kwamfuresa, a maimaita har farin tsumma ya fito fes. A ɗaura da sabon gasket, ana matse ƙusoshi daga tsakiya zuwa waje da sifana mai auna matsi, bisa adadin da littafin injin ya ƙayyade. Bayan an tayar, a saurari ƙarar tsotson iska a wajen haɗin, a bar injin ya yi zafi, a duba ko ruwan sanyaya inji na raguwa. A injin da ba a canza masa komai ba, abin da za a fara ji shi ne saurin amsa totur da sakin jiki a babban juyi. Ƙarin ƙarfi mai yawa sai an haɗa da kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul, da salansa da suka dace, an kuma sake saita kwamfutar injin ko jet ɗin kafireta domin fetur ya yi daidai da sabuwar iskar.