Darasi na 9: Yadda za ki mayar da tsohuwar rigar aure ta zama rigar baftismar jariri

Toh 'yan uwa mata, yau kan farar rigar auren coci za mu yi magana, wadda da yawanmu ke da ita a ƙasan akwati, ta mama ko ta kaka, shekara da shekaru ba mai sawa. A cocin Katolika da Anglican ana yi wa jarirai baftisma cikin farin kaya, a cocin ECWA kuma miƙa yaro ga Allah ake yi, duk rigar za ta yi amfani.

Kafin ki taɓa almakashi ki nemi izinin mai rigar, ko 'yan uwa in ta rasu, dan in an yanka an yanka kenan.

Sai wanki. Da hannu, ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, kar ki murɗe, kuma dan Allah kar ki sa bilic ko da ta yi ɗorawa-ɗorawa, tsohon yadi ba ya jurewa, ki shanya a inuwa. Wajen guga ki rage zafi ki ɗora wani ƙyalle a kai.

Ki warware ɗinkin da reza a hankali, ɓangaren siket ɗin shi ya fi yadi, daga nan za ki fitar da rigar. Ki auna ƙirjin jaririn da tef ki ƙara kamar inci 2 saboda yara saurin girma gare su, tsawon kuma ya wuce ƙafa. Ki fara zana fasalin a tsohuwar jarida ki yanka, sannan ki ɗora a yadin ki bi da alli, ki bar inci 1 na ɗinki.

Nan ne nake so ki kula sosai. Leshi da net suna ƙaiƙayi, fatar jariri kuma ba irin tamu ba ce, dole a yi wa rigar shafi da yadin auduga mai laushi, leshin ya zauna a waje, bakin siket ko hannu. Duwatsun ado duk ki cire, yaro zai iya tsinka ya kai baki. Zif ma kar ki sa, ki sa maɓalli ko igiya a baya, wuyan ya zama a sake tunda a Katolika Fada, wato limamin cocin, na shafa mai a ƙirjin yaro lokacin baftisma.

Ragowar yadin ki yi hula da shi. In ba ki da keke, ki kai wa tela jaridar da awon a rubuce.

Aikin gida: ki auna ƙirji da tsawon wani jariri, ki rubuta lambobin a littafinki ki zo da su.