Darasi na 9: Yadda Likita Ke Gane Ciwon Fata

Da hunturu ya sauka a Kano, sai susa ta yawaita a gidaje. Wata ta ce kyasbi ne, wani ya ce kazuwa ce, sai a aiki yaro kemis ya sayo man shafawa. Nan ne kuskuren yake. Ƙaiƙayi iri ɗaya ne a ido, amma tushensa daban-daban ne.

Akwai ciwon da likitoci ke kira ekzima. Fata takan bushe, ta yi kaushi, ta yi duhu ko toka-toka. Ga jariri yakan fito a kumatu, ga babban yaro a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa. Ba a ɗaukarsa daga wani. Sau da yawa akwai mai asma a dangi.

Babu gwajin jini guda da ke nuna shi. Likita da ido da tambaya yake ganewa. A sashen fata na Asibitin Malam Aminu Kano, ko a Asibitin Murtala, za ku ji tambayoyi kamar haka: "Hajiya, yaushe ya fara? Wane sabulu kuke wanka da shi? Akwai wani mai susa a gidan?" Tambayar ƙarshen nan muhimmiya ce. Idan gida duka na susa da dare, ga ƙuraje a tsakanin yatsu, to hankalin likita zai koma kan kazuwa.

Idan yana zargin makero ko kyasbi, zai kankare ɓawon fata kaɗan, a duba a madubin ɗakin gwaji. Ba zafi. Idan kuma ana zargin baƙin lalle ne ke jawo ƙaiƙayin, ko ɗan kunne, ko siminti ga magina, akan manna ƙananan faci masu ɗauke da abubuwan da ake zargi a gadon baya, a cire bayan awa 48 a ga inda ya tashi. Tabon da ya yi haske kuma ba ya jin taɓawa, wannan kada a jira da shi, domin ana duba kuturta.

Abin da nake roƙonku: kada ku shafa man haɗi ko na bilicin kafin ku je. Yana ɓoye kamannin ciwon, makero kuwa ƙara yaɗuwa yake yi. In kun riga kun shafa, ku tafi da kwalin.

Aikin gida: rubuta a takarda ranar da ƙaiƙayin ya fara, inda yake a jiki, da sunan sabulun gidanku.