Kurakuran da ɗakunan karatu ke yi wa masu ƙananan sana'o'i a Kaduna

Ka leƙa ɗakin karatu na gwamnati a Kaduna da hantsi, ka duba waɗanda ke zaune. Ɗalibai ne masu shirin JAMB da WAEC, sai ma'aikaci mai karatun jarrabawar ƙarin girma, sai dattijo ɗaya ko biyu da jarida. Telan Kasuwar Barci ba ya nan. Mai walda na Panteka ba ya nan. Haka matar da ke ƙulla yaji a Rigasa tana aika wa shaguna. Kuma ba don ba su da tambaya ba ne. Kaduna gari ne da masaƙun Kakuri suka riƙe tun 1957, da suka durƙushe sai dubban mutane suka koma neman na kai da ƙaramin jari. Su ne masu tambaya, amma laburare bai shirya musu ba.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar cewa aikin laburare ya ƙare a kan kanta: ga littattafai nan, mai so ya zo. Mai sana'a ba littafi yake nema ba, amsa yake nema. Yaya zan yi wa shagona rajista? Babban kanti ya ce ba zai karɓi yajina ba sai da lambar NAFDAC, ta ina zan fara? Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yanzu ta intanet ake yi, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani. Da yawa ba su san haka ba, sai su faɗa hannun ɗan tsakiya ya caje su ninkin abin da hukuma ke karɓa. Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Tebur ɗaya ne, kwamfuta ɗaya, da ma'aikaci guda da ya bi matakan da kansa har ya iya: binciken suna, lambar NIN, hoto, sa hannu, biyan kuɗi. Ya kuma san ina ake samun lambar haraji, da abin da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ke yi, da bambancin aikin KADIRS, hukumar haraji ta jihar Kaduna, da na hukumar haraji ta tarayya.

Sai dai a nan ma akwai rami. Ma'aikacin da ya iya wannan aiki, idan ba a yi hattara ba, shi ma sai ya rikiɗe ya zama ɗan tsakiya. Kada ya karɓi kuɗin kowa, kada ya riƙe lambar sirrin kowa. Ya zauna a gefe ya ce, "Hajiya, danna nan, ke za ki rubuta da hannunki." Ya fi cin lokaci, na sani. Amma gobe ita za ta koya wa maƙwabciyarta.

Na biyu, lokaci. Ana buɗe ƙofa lokacin da ɗan kasuwa ke buɗe rumfa, a rufe tun bai fara tunanin tashi ba. A Disambar 2021 gwamnatin jiha ta mayar da ma'aikatanta aikin kwana huɗu a mako, ka ga agogon ofis da na kasuwa sun ƙara yin hannun riga. A ware yamma ɗaya a mako, daga bayan La'asar zuwa Magariba, ko safiyar Asabar, a yi karɓa-karɓa tsakanin ma'aikata. Ranar ta tsaya cak, kada a riƙa sauya ta.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: kayan da ke kan kantar da aka rubuta wa "kasuwanci". Manyan littattafai ne daga Ingila da Amurka, wasu sun girmi mai karanta su, suna bayanin hannun jari da tafiyar da kamfani mai ma'aikata dubu. Mai shayin Kawo kuwa damuwarsa yadda zai raba uwar kuɗi da riba, don kullum cikin aljihu ɗaya suke kwana, daga nan ake cefane, daga nan ake biyan adashi. Takarda mai shafi biyu da Hausa, wadda ta nuna yadda ake jan layi a littafin makaranta, shiga a nan, fita a nan, bashi a can, ta fi masa waɗancan duka. Laburare na iya rubuta irinta da kansa ya buga. Kuma ba sai an ƙirƙiri komai daga tushe ba: cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Samaru a Zariya ta daɗe tana fitar da ƙasidun noma da kiwo, har da na Hausa. Lokacin da cuta ta cinye gonakin citta a Kaciya da sauran kudancin jihar a 2023, manomi da ɗan sari duk sahihin bayani suke nema, kuma wurin da ya kamata su same shi cikin sauƙi ke nan. Wanda karatun boko ya yi masa nauyi, a karanta masa, ko a naɗi muryar bayanin a tura masa ta WhatsApp. Wannan ma aikin laburare ne.

Akwai kuma cutar taron bita. A gayyato mai jawabi, ya yi awa biyu yana zuba Turanci, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Babu wanda ya koma shago da abin da zai canza. Gara mutum goma masu sana'a iri ɗaya, kowa ya zo da littafin cinikinsa ko wayarsa, a yi aiki a kan lissafinsa na gaske. Kuma kada a liƙa sanarwa a bango a zauna jira. A je wurin shugabannin ƙungiyar teloli ko ta masu gyaran waya, a gaisa, a ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da muke da shi, wa za ka turo mana?" Mata masu sana'a a cikin gida a ba su nasu lokacin, mace ta jagoranta, kuma kada a haɗe rai don sun zo da goyo.

Maganar tallafi kuwa a yi taka-tsantsan. Da zarar an ji cewa laburare na "rubuta suna", gobe layi zai kai titi, jibi kuma a ce an cinye kuɗin. A faɗa tun a bakin ƙofa: nan ba a raba kuɗi. Abin da ake yi shi ne tantancewa. Wani ya zo da saƙon da aka turo masa wai ya sa BVN ya karɓi jari, a buɗe shafin hukumar da saƙon ya ambata ko na Bankin Masana'antu tare da shi a duba ko gaskiya ne. Mutum ɗaya da aka tserar daga ’yan damfara zai kawo goma.

Kwamfuta ba wuta, kwalliya ce. Idan kuɗi kaɗan ne, a fara da sola da batir da intanet mai ɗorewa kafin a ƙaro na'urori. Wurin cajin waya da injin buga takarda mai araha kaɗai sun isa su jawo wanda bai taɓa taka ƙofar ba.

Su ma masu sana'ar da nasu laifin, na ganin laburare wurin ’yan boko ne. Amma mai shago ba ya zagin wanda bai shigo ba, kaya yake fitarwa waje a gani. Kowace shekara ƙungiyar ’yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna, KADCCIMA, na shirya kasuwar baje koli ta duniya a hanyar Zariya. Tebur ɗaya na laburare a can, ko a bakin kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, zai haɗu da masu sana'ar da ba za su zo da kansu ba. A tafi da littafi a rubuta duk tambayar da aka yi, ba tare da sunan mai ita ba. Bayan wata uku a duba wacce ta fi maimaituwa, ita ce za a fara rubuta wa takardar Hausa mai shafi biyu.