Yadda Matashin Sakkwato Zai Zama Injiniyan Wutar Lantarki

Wanda yake son wannan sana'a ya fara ƙarfafa Lissafi da Fiziks tun daga sakandare, domin su ne, tare da Kemistiri da Turanci, zai rubuta a jarrabawar JAMB. Digirin injiniya shekara 5 ne, ana kuma yin sa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Abin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne zangon koyon aiki na SIWES. Ɗalibi ya nemi gurbi a tashar TCN, kamfanin da ke dakon wutar lantarki a faɗin ƙasa, ko a kamfanin Kaduna Electric, wanda ke rarraba wuta a Sakkwato da Kebbi da Zamfara, domin a can ne zai ga yadda taransfoma ke sauke wutar da aka ɗauko kan manyan layuka daga kilobolt (ma'aunin ƙarfin wuta) 132 zuwa 33, sannan 11, kafin ta isa gidaje. Wanda hankalinsa ya karkata ga wutar sola, wadda hasken ranarmu ya sa ta zama hanyar abinci, ya kusanci Cibiyar Binciken Makamashi da ke jami'ar.

Bayan bautar ƙasa da gogewar aiki, sai ya yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya.