Yadda Babba Zai Kauce wa Halin Yara Idan Saɓani Ya Taso

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, don haka saɓani shi kansa ba abin kunya ba ne. Abin da ke rusa zama shi ne babba ya koma halin yara da zarar ransa ya ɓaci, ya shiga gaba da habaici da zumɓura baki da ƙin cin abincin gida. Na taɓa kwana a gidan wani ɗan'uwana, na ga kwanon tuwonsa a rufe a ƙofar ɗaki tun magariba har gari ya waye, miya ta daskare, shi kuwa ya tafi wurin mai shayi. Da ya dawo sai ya ce wa ɗansa ya je ya gaya wa uwarsa ta ɗauke kwanonta, alhali tana tsakar gida tana jin sa. Matar ba ta ma san laifin da ta yi ba, kuma fuskar yaron nan har yau tana raina.

Abu na farko shi ne ka binciki kanka kafin ka binciki kowa. Ka tambayi zuciyarka ko gyara kake nema ko kuwa so kake abokin zamanka ya ji jiki. Idan ba za ka iya faɗin abin da aka yi maka a magana ɗaya ba, to ba ka shirya tunkarar kowa ba tukuna.

Daga nan sai ka bar fushi ya sauka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya fusata yana tsaye da ya zauna, idan fushin bai tafi ba ya kishingiɗa. John Gottman, masanin zamantakewar aure a Amurka, ya lura cewa idan bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya yayin gardama, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya natsu. Sai dai akwai bambanci mai girma tsakanin shirun hucewa da gaba. Mai hucewa yakan ce, “Raina a ɓace yake, bari mu yi magana bayan isha'i,” kuma ya cika alkawari. Mai gaba kuwa yakan ɗauke kai ba bayani, ya bar ɗayan yana ta laluben laifinsa a cikin duhu. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, ya kuma ce mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama. A ganina wannan iyaka ce ta ƙarshe, bai kamata a mai da ita lasisin yin kwana ukun a kowane saɓani ba.

Idan lokacin magana ya yi, ka je da kanka, ka ambaci abu ɗaya tak, wanda ya faru yanzu. Kada ka tono na bara, kada ka yi gorin alherin da ka taɓa yi, kuma kada ka ja iyayen mutum cikin zancen. Ka cire yara daga aike, ka kuma ajiye waya, domin habaicin da ake liƙawa a WhatsApp ko Facebook gugar zana ce da aka kai kasuwa, kuma waɗanda suka karanta ba za su manta ba ko bayan kun shirya.

Idan kuwa ɗayan ne ke wannan hali, kada ka ce masa yana yarinta, domin wannan kalma wuta take ƙarawa. Kada kuma ka rama gaba da gaba, ko ka yi ta rarrashi har ya ga cewa hanyar tana biya. Ka ci gaba da gaishe shi, ka sauke haƙƙinsa da ke kanka, sannan ka faɗa masa sau ɗaya cewa a shirye kake ku zauna duk lokacin da ya huce.

Abin da ya gagare ku, ku kai wa manya tun bai kai ga yaji da biko ba. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a ɗauko mai sasantawa ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, kuma a Kano hukumar Hisbah tana sauraron irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Amma idan abin ya haɗa da duka, ko hana abinci, ko kulle mutum a ɗaki, to ya wuce halin yara ya zama zalunci, kuma a ranar ya kamata waliyyai ko hukuma su ji labari.