Darasi Na Bakwai: Fita Da Yara Da Bikin Bazde, A Fara Da Takarda Da Biro

'Yan uwa barkanmu da sake haɗuwa. Duk mai yara ƙanana a garin nan na Kaduna ya san wannan rigimar, an yi wa ɗan maƙota bazde an yanka kek an hura balan-balan, naki ya dawo yana jan zani wai shi ma sai an yi mishi. Ko kuma Sallah ta zo kowa ya kwashi 'ya'yansa an nufi wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji, kai kuma maigida kana zaune kana lissafin aljihu a ka. To yau lissafin nan za mu sauke shi daga ka mu ɗora a takarda, tunda dai yanzu alhamdu lillahi mun iya riƙe biro.

Na san a ajin nan akwai masu yin bazde akwai waɗanda sam ba sa yi, wannan kowa ya tambayi malaminsa, ba fatawa muka zo bayarwa ba. Aikin dai ɗaya ne ko walimar sauka ce, ko suna, ko yawon Sallah.

Yaushe aka haifi yaron?

Da yawa in ka tambaya sai a ce ai da ƙaramar Sallah aka haife shi, ko a ce da azumi ne. Gaskiya ne, amma fa shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, shi ya sa Sallah take matsowa baya duk shekara. Kun ga a 2022 an yi ƙaramar Sallah a farkon watan Mayu, a 2025 kuma sai ga ta a ƙarshen Maris. Ita kuwa makaranta da asibiti kwanan watan Bature suke tambaya. Don haka ku ɗauko takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, in babu ita ku ɗauko katin rigakafi, wanda da yawanmu muke cusawa ƙarƙashin katifa da zarar an gama allurar ƙyanda ta wata tara. A jiki za ku ga lambobi kamar haka: 07/03/2022. Na farko rana ce, na tsakiya wata, na ƙarshe shekara. Wato 7 ga watan uku, shekarar 2022. Watan uku shi ne Maris. Mu karanta su tare da ƙarfi muna lanƙwasa yatsu: Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu, Mayu, Yuni, Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba.

Shekarun yaro kuma ɗebewa ce kawai. A ce muna 2026, sai a ɗebe 2022, saura 4. Amma sai ranar 7 ga Maris ta zo zai cika huɗun, kafin nan ɗan uku ne da 'yan watanni, kar a ƙara mishi don a samu a tura shi makaranta a huta. Wanda aka haifa 29 ga Fabrairu kuwa shi dai sai haƙuri, ranar tasa sai bayan shekara huɗu take zuwa, ta zo a 2024 sai kuma 2028.

Kuɗi

Nan ne inda gida yake rikicewa. Ni a ganina duk bikin da sai an ci bashi ko an karya kwasar adashe kafin a yi shi, ba don yaron ake yi ba, don idon mutane ne. Ɗan shekara ɗaya bai san me ake ciki ba, an matse shi cikin sabon kaya mai ƙaiƙayi, ana ta haska mishi waya, ga kiɗa, shi barci yake so, ƙarshe duk hotunan da kuka za su fito. Daidai ruwa daidai tsaki. Ɗan shekara huɗu ko biyar shi ne zai tuna, shi ma abin da zai tuna lilo ne da yaran da suka yi guje-guje tare, bai damu da kek mai hawa nawa ba ne.

Ku ja layi a tsakiyar shafi daga sama har ƙasa. Hagu sunan abu, dama kuɗinsa. Waɗannan kuɗin da zan rubuta na koyon lissafi ne kawai, kun san kasuwa yau daban gobe daban, na gaskiya sai kun taka Kasuwar Bacci ko kasuwar Sheikh Gumi kun tambaya da bakinku.

A ce wata baiwar Allah a Tudun Wada tana da naira 20,000, za su fita ita da maigida da yara biyu. Keke Napep zuwa da dawowa 3,000. Kuɗin shiga mutum huɗu kan 500, ya kama 2,000. Ƙaramin kek 6,000. Kayan zoɓo da cincin da za ta yi a gida 3,500. Ruwan sha 500. Lilo da sauran wasanni 2,000. Ku jera lambobin sifili a ƙarƙashin sifili, dubu a ƙarƙashin dubu, in suka karkace lissafin ma karkacewa zai yi. In kun tara za ku samu 17,000, a ɗebe daga 20,000 saura 3,000. Wannan sauran ba na tsire ba ne fa maigida. Shi ne na ko-ta-kwana, don da yamma mai keke yana iya ƙara kuɗi, ko takalmin yaro ya tsinke. Kuma kuɗin komawa gida a ware shi tsaba a wani aljihu daban tun kafin a fita, kar a dogara da taransifa, netwok yana iya ɗaukewa kuna tsaye bakin titi da yara suna gyangyaɗi.

In a gida za a yi, to ƙirga yara shi ne kan gaba, musamman a gidan haya inda in ka gayyaci biyar to sha biyar ne za su zo, kuma ba wanda za ka kora. A ce yara 15, kowa alawa 2 da biskit 1 a 'yar leda. Alawa nawa ke nan? 15 sau 2, 30. Ku ƙara leda biyar a kai saboda ƙannen da za a goyo.

Ina za a je, kuma yaushe?

Ƙofar Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, a bakin kogin Kaduna yake. A ciki akwai 'yar gadar ƙafa ta Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 daga baya aka ɗauko ta aka kawo nan, mutane da yawa suna wucewa ba su san ta girmi kakanninsu ba, in kun je ku nuna wa yara. Akwai Dandalin Murtala, fili ne mai faɗi. Yaran da suka fara wayo kuma ana iya kai su gidan tarihi da ke titin Ali Akilu, ko Arewa House a titin Rabah inda Sardauna Sa Ahmadu Bello ya zauna. Ko ina ne dai a tambayi wanda ya je kwanan nan, nawa ake shiga, ana barin a shiga da abinci daga waje ko ba a bari. Kuma allon da ke bakin ƙofa wannan karon ke za ki karanta shi da kanki, a hankali, ko da mutane suna bayanki.

Lokaci kuwa bayan la'asar ya fi, a dawo kafin magariba. Maris da Afrilu rana ba ta wasa a Kaduna, kar a fita da jariri da tsakar rana. Disamba da Janairu hunturu ne, a sa rigar sanyi a shafa musu basilin a leɓe da ƙafa. Da damina a dubi gabas kafin a fita, hadarin yamma ba ya sallama, sannan Agusta da Satumba kogi a cike yake, hannun yaro ya kasance cikin naki muddin kuna kusa da ruwa. Ranar Sallah da washegari cunkoso ya yi yawa, mai ƙananan yara gara ya bari sai kwana na uku ko na huɗu.

Takardar aljihu

Wannan ita ce ta fi komai a darasin yau. Yaro yana ɓacewa cikin taro kafin ki gama karɓar canji. Ki yagi 'yar takarda ki rubuta sunansa, sunan babansa, unguwarku, ko Rigasa ce ko Kawo ko Unguwar Rimi, da lambar waya. Lambar wayar Najeriya guda 11 ce, bayan kin rubuta ki ƙirga da yatsa, in kin samu 10 to kin tsallake ɗaya, in 12 kin maimaita. Sannan ki sa wani ya kira lambar daga jikin takardar ki ji ko wayarki za ta yi ƙara. Ki naɗe ta a leda ki sa a aljihun wandonsa, mace kuma a maƙale mata da fil a cikin riga. Kafin a fita a ɗauke su hoto da kayan da ke jikinsu, saboda in hankali ya tashi uwa ma tana iya manta kalar rigar da ta sa wa ɗanta da hannunta. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce, ita ma a rubuta ta a bangon littafi.

Abin da zai shiga baki

Duk lemon kwali ko biskit ko madara da za ku saya ku juya bayansa. Inda aka rubuta MFG ranar da aka yi shi ne, inda aka rubuta EXP ko BB ranar da zai daina amfani ce. In kin ga EXP 08/2025 kuma yanzu an wuce Agustan 2025, ajiye shi komai arharsa, kayan da ake karyar da farashinsu a bakin hanya sau da yawa nan ne matsalar take. A duba lambar NAFDAC ma, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Yaran da ba su kai shekara huɗu ba kar a ba su gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, ko gugguru, ko alawa mai tauri, ko inabi ba a tsaga ba, suna iya maƙalewa a maƙogwaro, balle suna ci suna gudu. Balan-balan in ya fashe a tsince gutsattsarin nan take, masu rarrafe komai baki suke kai wa. Jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma ko ɗis. In an kunna kyandir a kan kek a janye hijabi da gashin 'yan mata. Kunun aya kuma ba ya jure zafi, in babu ƙanƙara a cikin kula gara zoɓo ko ruwa zalla.

In an dawo yaro ya fara gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari. Na leda da ake sayarwa a kemis ya fi, a bi abin da aka rubuta a jiki. In babu, ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe ba a tula ba, gishiri rabin ƙaramin cokali. In ya ƙi sha, ko yana ta amai, ko ido ya faɗa, ko an ga jini, asibiti za a nufa ba jira.

Aikin gida

Kowa ya rubuto sunayen 'ya'yansa ko jikokinsa, gaban kowane suna ranar haihuwa da lambobi, sannan da kalmomi, kamar 07/03/2022, bakwai ga Maris. Na biyu, ku sake lissafin matar Tudun Wada amma a ce 12,000 gare ta maimakon 20,000, me za ku cire, me za ku rage, kuma nawa zai saura na ko-ta-kwana? Na uku, ku zo da takardar aljihu guda ɗaya da kwalin wani abu daga kicin mai EXP a jiki. Wanda ba shi da takardar haihuwa ko katin rigakafi ya same ni bayan aji mu ga yadda za a yi.