Bazara ta shigo, gida ya cika: kurakuran da masu ƙananan yara ke maimaitawa

Da zarar sanyi ya janye a ƙarshen Fabrairu, gidajen Maraɗi sai su fara cika. Aikin gona ya ƙare, ƴan uwa na ƙauye sun shigo cin rani, wasu biki ya kawo su, wasu ganin likita. Kafin a ankara Afrilu ta kama, zafin rana ya haura digiri 40, ga ƙananan yara a tsakar gida. Daga unguwar Zariya har ta Ali Ɗan Sofo abu ɗaya nake gani duk shekara a gidajen ƙannena da maƙwabta, kuma bakina ya gaji da faɗa wa amaren jiya ɗaya bayan ɗaya.

Babban kuskuren shi ne ba jariri ruwa kafin ya cika wata shida. Wannan na san kuɗinsa. Ɗiyata ta biyu tana wata uku gwaggon maigidana ta sauka wurinmu. Ta ga yarinya na kuka da azahar, ta ce: "Ke ɗiyar nan, ƙishirwa za ki bari ta kashe ta? Mu da muka goya goma, da ruwa muka goya su." Na ce: "To, Gwaggo." Me zan ce? Ta ɗebo na randa ta ɗura mata, washegari ma haka. Zawo ya biyo baya, maɗiga ta faɗa, idanu suka zurma, muka ƙare a gadon asibiti ana ƙarin ruwa. Kuɗin da aka ajiye na buhun hatsi a magani da kabu-kabu suka tafi.

Gwaggo ba mugunta ta yi ba, ƙauna ce. Amma nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, ya ishi jariri ko a tsakiyar Mayu. Cikinsa ɗan mitsitsi ne, in ruwa ya cika shi sai ya rage tsotso, in ya rage tsotso nono ya ragu. Ga randar da mutum goma sha ke tsoma moɗa ɗaya a cikinta tun safe. Uwa ce za ta sha ruwa har ta ƙoshi, ta yawaita ba da nono, ko ba a yi kuka ba.

Abin da ke ba ni haushi, yawancinku kun san wannan, an faɗa maku wurin awo. Kunya ce ke rufe maku baki. To, ga yadda nake yi: ba na musu da surukai, maigida nake sa wa ya faɗa tun ranar da baƙi suka sauka, tun ba a kai ga moɗa ba. Daga bakin ɗansu magana ta fi shiga. Wasu mata cewa suke a ɗora wa malamar asibiti, a ce ita ta hana. Hakan ma yana yi. Kuma ku maza, zama a ƙofar gida ana shan shayi ana cewa "sha'anin mata ne" ba zai biya maku kuɗin magani ba.

In zawo ya riga ya zo, kada a tsaya shafa wa maɗiga ƙulli. Faɗawarta alama ce ruwan jiki ya ƙare. A jiƙa fakiti ɗaya na garin gishiri da sukari na farmasi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, ko zawon ya tsaya. Nono kuwa ba a dakatar da shi. Jariri ƙarami, ko yaron da ya ƙi sha ko jikinsa ya saki, asibiti kai tsaye.

Na biyu da ke hana ni barci: ruwan da muke tarawa. Pampo na ɗaukewa a bazara, kowa ya cika duro da baho da bokitai. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya fitowa, kuma ba a jin kukansa. Mamakin shi ne a gidan da manya suka fi yawa aka fi yin sakaci, don kowa na zaton wani na kallo. Uwa ta ɗauka yana wurin kaka, kaka ta ɗauka ƴan mata sun ɗauke shi, ƴan matan suna kan waya. Na taɓa tsamo ɗan maƙwabciya ta ƙafa daga bahon wanki, manya na zaune a inuwar bedi taku kaɗan daga wurin. Allah ya yi da sauran kwanansa. Tun daga nan ba na cewa "ku duba mini shi". Suna nake kira, mutum ɗaya, in ce "ke, yana hannunki har in fito daga madafa". Kowane mazubi da murfi da dutse a kai, ruwan wanki a zubar nan take. Kuma ɗiya ƴar shekara bakwai ba mai reno ba ce, ita ma renonta ake.

Sai kwana. Ana ba baƙi tsakar gida don girmamawa, a cusa yara a ɗakin kwano da ya sha rana tun safe, wuta ta ɗauke, panka ta tsaya. Ni yara nake fara shimfiɗa wa a waje, baƙo na gari ba zai ji haushi ba. Cunkoso a ɗaki ɗaya a wannan lokacin na ƙura da zafi shi ne abin da sanƙarau da ƙyanda ke so. Ba mu manta annobar sanƙarau ta 2015 ba. Zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya ba na jiƙo ba ne. A duba katin rigakafi: allurar ƙyanda a wata tara ake yi, kuma ba laifi a tambayi baƙuwa ko nata yaran sun samu.

Sauran ƙanana ne. Hula da safa da tawul a jikin jariri a Afrilu, don Allah a cire, ƙurajen zafi kawai suke kawowa. Tabarma da takalma a kakkaɓe kafin a yi amfani da su, lokacin kunama ne. Gidan sauro kada a naɗe shi don an ce babu ruwan sama, unguwannin da ke kusa da Gulbi da masu kwata sun san dalili. Mangwaro a wanke, hannu ma a wanke. Yaro ba ya taka rairayin azahar ba takalmi.

Miya kuma. In baƙi sun ƙaru mukan yi babbar tukunya da rana a ce ta kai dare. A wannan zafin kafin magariba ta juya, manya su ci su tsira, yara su kwana suna zagayawa. Ni biyu nake raba cefane, in dafa ta dare da la'asar, ko da itace zai ƙaru. Wadda dole ta jira a tafasa ta sosai kafin a zuba, ɗumamawa sama-sama ba ta isa ba. Furar yara kuma a dama daidai wadda za su shanye a zama ɗaya.